Kunnen Hagu na Baba Lesiba

"Tsaya! Kowa ya ajiye bindiga!"

Bindigogi takwas suka koma kan tebur kafin a harba ko guda. Sajan Mokgadi Ramoshaba, sabuwar mai kula da filin harbin, ta tako ta bayan layin masu gadi, ta wuce samari bakwai, ta tsaya a kan Baba Lesiba Mothapo. Da yatsa ɗaya ta nuna marufin kunnensa na hagu, wanda ya karkace kamar hular ɗan gaye.

"Ido da kunne na ce, Baba. Tabarau dai na gani. Ina kunnen?"

"Zamewa ya yi, 'yata."

Ta karkata kai gefe tana kallonsa. Tun safe haka take yi wa duk mai magana da ita, shi kuwa ya riga ya yanke cewa girman kai ne.

"To, ya zame sau ɗaya," ta ce. "In ya sake, ka nemi motar komawa gida Seshego."

Shekara ashirin da uku Baba Lesiba yana gadi da bindiga, kuma kowace shekara kamfani kan kwaso su zuwa wannan fili a bayan garin Polokwane don gwajin harbi. Wanda ya faɗi, a karɓe bindigarsa a ba shi kulki da ƙofar kanti, albashi ya koma rabi. Ga 'yarsa Dimakatso saura shekara guda ta gama makarantar jinya.

A zamaninsu ba su san marufi ba. Kwanson harsashi suke cusawa a kunne, ko guntun taba, wanda ya nemi fiye da haka a ce masa rago. A nan kunnen dama ya tafi. Na hagu yana aiki, amma in an rufe shi, ko usur ba ya ji. Shi ya sa yake ɗan zame marufin don ya ji an ce harba, ya ji an ce tsaya. Tsohon mai filin, Oom Frikkie, ya san da haka, sai ya riƙa kallon sama.

Aka sake jeri. Baba Lesiba ya rufe kunnuwan biyu, duniya ta yi tsit. Ya ga allon saiti a can, ya ji gumi yana bin bayansa. An ba da umarni ne ko ba a bayar ba? Kafin ya ankara hannunsa ya tafi da kansa, ya ɗaga marufin.

Usur ya shige masa har ƙwaƙwalwa.

"Baba sakamakon ƙwallo yake son ji!" in ji Phetole, na kusa da shi. Layi ya ɗauki dariya.

"Kai mai baki," Sajan ta ce, "ka fara samun allon tukuna. Ɗazu tudun ƙasa ka kashe. Baba, biyo ni."

Ya bi ta zuwa bayan rumfa. Yana tafe yana ganin kansa da kulki a ƙofar kanti, yana leƙa jakar mata.

"Wanne ne ya mutu?" ta tambaya.

"Me fa?"

"Baba, kada mu ɓata wa juna lokaci. Dama ko hagu?"

Ya dubi ƙasa. Ko matarsa bai taɓa faɗa wa ba, ita dai ta ɗauka yana zaɓen abin da zai ji ne.

"Dama," ya ce.

"Wato guda ɗaya ya rage maka, shi ne kake buɗe wa bindiga takwas? Haba Baba! Da me za ka ji kukan jikanka?"

"In na rufe ba na jin ki, 'yata. In ban ji ki ba na faɗi. Ki bar ni na yau kawai."

"Ba zan bari ba."

Ta zaro 'yan soso biyu daga aljihu, ta murza su, ta ce ya tura a kunne, ya ɗora marufin a kai. Kafin ya sa su, sai ta riƙe hannunsa.

"Zan tsaya a bayanka. In na taɓa kafaɗarka sau ɗaya, harba. In na damƙe ta, tsaya. Lokaci ɗaya da kowa, ba zan ƙara maka ko daƙiƙa ba. In ka faɗi, hannunka ne ya kayar da kai. Kuma ranar Litinin ka je asibiti a duba wannan da ya rage."

Suka koma. Bai taɓa harbi cikin irin wannan shiru ba. Babu ƙara, sai bugun bindigar a tafin hannu da warin hayaƙi. Taɓi, ya harba. Damƙa, ya tsaya. Sau biyar suka yi haka, hannunta bai makara ba ko sau ɗaya, alhali idonta yana kan sauran bakwai ɗin.

Da aka kawo alluna, ramukan nasa sun taru a tsakiya, tafin hannu ya isa ya rufe su. Phetole ya dubi nasa, ya dubi na tsoho, ya ce shi ma gobe kurma zai zama.

Da rana, ana layin tuwon masara da nama, Baba Lesiba ya hango ta tana tafiya ofis da takardu. Ya bi ta da sauri, ya jera da ita ta hannun damanta. Shi ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya saki baki. Ya yi godiya, ya ba ta labarin Dimakatso, har ya nemi gafara a kan girman kan da ya zarge ta da shi. Ba ta ko waiwayo ba.

Sai a bakin ƙofa ta gan shi. Ta tsaya, ta karkata kai kamar yadda take yi tun safe.

"Magana kake yi, Baba?" ta ce. "Zagayo ta nan. Ni ma kunnen wannan ɓangaren ya daɗe da rufewa."