Taga Uku a Garin Kwali

…kuma wai daga sito suka tono shi, Yaya. Garin nan namu, wanda muka gina wa fim ɗin ambaliya. Unguwa ɗaya ce ta tsira daga ruwan, gidaje tara, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ga shi nan a gabana ƙarƙashin fitilun ɗakin shiri, an kakkaɓe shi, an kwantar da shi kan farin ƙyalle kamar majinyaci. Saura minti huɗu mu tafi kai tsaye. Mai kwalliya na dangwala min hoda a goshi tana cewa in daina gumi. Sai ka ce ni nake kunna shi.

Shawarar darakta ce. Shirin ya cika shekara goma, to bari masu kallo su ga sana'ar da na baro. Taga uku kawai, in ji ta, ka ja musu farin layi kana bayani, kyamara ta biyu na kan yatsunka. Kawai... Ba ta sani ba. Ba wanda ya sani sai kai, kai kuma ba ka nan. Ko kana kallo? A 'yar talabijin ɗin nan ta kan kantar shagonmu, wadda sai an mare ta take kawo hoto?

Hannun nan rawa yake yi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa buroshi ba. Katin tambayoyi ma da hannu biyu nake riƙe shi, mutane na cewa ladabi ne da ni. Tsoro nake ji, Yaya, gaskiyar ke nan. 'Yata ta tara ƙawayenta za su ga babanta mai gina garuruwa.

Warin gam — a'a, hoda ce — gam ne. Shagonmu da hantsi, rana na zubowa ta tagar sama, kana yagar auduga kana rataye gajimare da zaren kamun kifi. Ni ina tsiyaya gishiri daga kan dutsen kwali, a hankali, a hankali, a kyamara ruwa ne ke gangarowa. Mun yi daji da soson wanke-wanke. Mun yi wata da murfin kwano. Inna ta kawo mana abinci, ta daɗe tsaye a kan garin, ta ce to su mutanen ina za su kwana in kun sakar musu ruwa? Ka yi ta dariya har ka zauna a kan gada. Kwana biyu muna gyaranta.

Minti biyu. An maƙala min abin magana a wuyan riga, an cusa min na jin darakta a kunne.

Ranar da 'yan talabijin suka fara zuwa shagon ka ce kai ba ka iya baki ba, ka tura ni. Yi mana bayani kana aiki, suka ce. Na yi. Baki na zuba, suna dariya, buroshi kuwa na tsalle a hannuna... layi ya karkace, fenti ya ɗiga a rufi. Suka dawo. Suka sake dawowa. Ko ba sa nan ina fenti ina bitar abin da zan faɗa musu gobe, a fili, kamar mai aljanu. Bakin na ƙara daɗi, hannun na ƙara lalacewa. Na ce maka hannuna ya tashi aiki. Ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka ce, kai dai ka cika surutu, Auta. Baƙar magana na ɗauke ta — hassada ma na ɗauka, Allah Ya yafe min. Na ajiye maka makulli a kan gwangwanin fenti na bi su. Yaushe rabona da ƙofar nan? Har yanzu sai an ɗaga ta da ƙafa take rufuwa?

Jar fitila ta kama. Murmushi. Bakin ya san hanyarsa ko ba ni, barkanmu da sake saduwa, yau rana ce ta musamman... Sun samo buroshi siriri, ba kamar naka ba da kake askewa sai gashi uku sun rage. Na tsoma. Ga ta nan, rawar, tun daga wuyan hannu. Kyamara ta biyu na matsowa. Wannan tagar, masu kallo, ita ce... ita ce...

Na sunkuya. Tagar ta girma. Ga labulen da ka yanko daga tsohon mayafin Inna, har yau bai koɗe ba. Mutum zai iya shiga ai. Ya bi titin nan na takardar goge katako, ya wuce sandar fitila ta tsinken ashana, ya zauna ƙarƙashin bishiyar soso inda iska ba ta kaɗawa, inda ba a jin komai... Ja numfashi. Riƙe. Jira tsakanin bugun zuciya da wanda ke biye, haka ka koya min kana riƙe da gwiwar hannuna. Yanzu — ja.

Ya miƙe. Sak.

Ta biyu. Riƙe... ja. Ita ma.

Darakta a cikin kunnena, daga nesa, kamar mai kira daga ƙetaren kogi: yi magana, daƙiƙa ashirin ba sauti, don Allah yi magana.

Hannun ba ya rawa, Yaya. Duba shi. Ba a jan layi ana magana, numfashi ɗaya ne, ko na baki ko na hannu... abin da ka ce min ke nan? Shi ke nan duk abin da ka ce? Ni kuma na ajiye maka makulli.

Saura taga ɗaya. In na buɗe baki za ta karkace. In na yi shiru... ƙirjina ya fara zafi, fentin na bushewa a bakin buroshi, darakta kuma sai kiran sunana take yi, sai kira take yi —