Waken da Aka Ɗaura wa Tsumma

Tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya tare ta. Wake iri ɗaya ne a duniya mai wannan ƙamshi: ja mai ɗigon fari, wanda mahaifiyarta ta damƙa mata a kwalba kafin ta rasu. Ba a sayar da irinsa a kasuwa. Bara ruwa ya ruɓar da gonarta ta bayan gida, bana kuwa ta zazzage kwalbar kaf ta shuka. Yawancinsa sun riga sun ci. Waɗanda suka fi ƙoshi kawai ta bari, ta ɗaura musu jan tsumma don su bushe a tsaye su zama iri.

Mijinta na tsaye a kicin da ludayi, yana washe baki. Tsohon direba ne, kuma tun da ya ajiye tuƙi ya rasa abin yi, sai ya tsiro da taimako. Shi ne ya taɓa kankare mata tukunya har ta huje. Yau da ta je duba ƙanwarta, abin ya kai ga gona.

"Sannu da dawowa, uwar yara," in ji shi. "Na hutar da ke. Duk waɗanda kika sa wa alama na tsinke."

"Alamar me?"

"Alamar sun isa tsinka mana."

Ba ta ko ajiye jaka ba ta nufi bayan gida. Ta durƙusa tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa ta cika mata farce. Mutumin da kullum yake kukan ciwon baya, yau ya sunkuya da kyau, ko kwanso ɗaya bai bari ba. Tsummokaran ma ya kunce su, ya ninke, ya jera a kan katanga.

Ranta ya ɓaci. Ta dawo ta tsaya a kansa.

"Maigida, tun da ka aure ni kake cin waken nan. Ka taɓa tambaya daga ina yake fitowa? Ko ka ɗauka daga sama yake zubowa?"

"To ai sai a sayi wani iri…"

"A wajen wa? Ka je kabarin Inna ka sayo."

Ludayin ya yi ƙasa a hannunsa. Sai a lokacin idonsa ya kai kan taga, inda kwalbar take a wanke, ga tokar da ta tankaɗe saboda ƙwari a gefenta. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

Ta sauke tukunyar, ta ja kujera ta juya masa baya. Abin takaici, girkin ya yi daɗi. Waken ya narke a baki kamar yadda yake yi a hannun Inna. Tana ci tana hawaye, haushi na ƙara turnuƙe ta.

Ya matso a hankali. "Ko a ajiye wa yara kaɗan?"

"Ɗauko kwano," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Ka kai musu da kanka. Ka gaya musu su tauna a hankali, daga wannan babu wani."