Allon Yabon Da Babu Sunanta

Shekara goma sha bakwai ina sassaƙa yabon mutane a kan tagulla da gilashi, shi ya sa ban cika yarda da yabo ba. Shagon na mahaifina ne, ni na gaje shi, da injin rubutu guda biyu, da tsohuwar kwamfuta mai sai an lallaɓa ta, da kanta cike da kofunan gasar da ba a yi ba tukuna. Muna yin hatimi, muna yin bajon suna na maƙalawa a ƙirji, amma abincinmu allunan yabo ne, irin waɗanda ake miƙa wa mutum a taro a yi tafi a ɗauki hoto. Na rubuta "gwarzon shekara" ga mutanen da ko gwarzon layinsu ba su kai ba. Na taɓa rubuta wa wani "mai riƙon amana", kafin a zo karɓar allon har an kama shi. Ni dai nawa rubutu ne.

Wata Talata da hantsi wani dattijo ya shigo yana dogara sanda, yana ɗan jan ƙafar hagu. Turarensa ya riga shi isowa kanta. Bai zauna ba sai da ya kaɗe kujerar da hankici, kujerar da na goge da hannuna da safiyar ranar.

"Ina mai shagon?"

"Ga ta a gabanka, ranka ya daɗe."

Ya leƙa bayana ko zai ga namiji. Da bai gani ba, ya haƙura da ni. Ya gabatar da kansa a matsayin tsohon darakta, ya jero sunan ma'aikatar mai tsawo, sannan ya dakata yana jiran in razana. Na ce masa sannu da zuwa.

Ya ce bara ɓarin jikinsa ya shanye, har an fitar da rai da shi, sai ga shi Allah ya tashi kafaɗarsa. Ranar Asabar mai zuwa zai yi liyafar godiya, mutum ɗari biyu. Yana so a gaban jama'a ya miƙa wa matarsa kyauta, saboda ita ta yi jinyarsa.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan yi laushi. Maza nawa ne suke tunawa? Har na ajiye aikin da ke hannuna na jawo kujera. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wai ina korar ciniki ba ne, amma ba kowace mace ce allo ke burgewa ba. Ita me take so?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin da kujerar da yake zaune a kai take so.

"Me kuwa za ta so? Ba ta rasa komai a gidana ba."

Daga nan ya lissafa min wahalar da ya sha wajen tunani. Ya so ya saya mata kayan sawa, sai ya ga ai ba fita take yi ba. Ya so ya saya mata injin markaɗe, 'yarsu ta ce wannan kyautar cikinsa ce, ba ta uwarsu ba. Ita 'yar ta ce a tura ta hutu na mako biyu ta miƙe ƙafa. Ya girgiza kai yana ba ni labarin, wai yaran yanzu ba su da tunani. "To in ta tafi, wa zai ba ni maganin safe?"

Laushin da zuciyata ta yi ya fara komawa inda ya fito.

Na nuna masa ƙananan alluna na gilashi, masu kyau, na ɗorawa a gefen gado. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna can saman kanta, inda wani baƙin allo mai faɗin tagulla yake jingine tun zamanin mahaifina.

"Wancan."

"Wancan kamfanoni ke saya, ranka ya daɗe. Yana da nauyi."

"Shi nake so. Ina da goma sha huɗu a bangon falo, duk nawa. Akwai ƙusa ɗaya a tsakiya da ba komai a kanta, nan zai zauna."

Na hau tsani na sauko da shi, ƙura ta cika min hanci. Shi kuwa ya zaro takarda daga aljihu, ya warware ta a kan kanta, ya ce ga rubutun, kada a taɓa ko waƙafi.

Na karanta. A sama, da manyan haruffa, sunansa da na mahaifinsa da muƙamai uku. A tsakiya, sunansa kuma. A ƙasa, sunansa a karo na uku, da sa hannunsa, wanda yake so a sassaƙa yadda yake. A tsakaninsu an matse layi huɗu: "Ga Uwargidan Darakta, bisa ƙwazon da ta nuna wajen jinyar Darakta tsawon wata tara, da kuma taya ta murnar ritaya daga aikin asibiti domin ci gaba da kula da lafiyarsa."

Na ce, "Ban ga sunanta ba."

"Ga shi nan. Uwargidan Darakta."

"Wannan ai sunanka ne, ranka ya daɗe. Ina nufin wanda iyayenta suka raɗa mata."

"Malama, kowa da haka ya san ta. Ke dai yi aikinki."

Na sa yatsa a kan ɗaya kalmar. "To ritayar fa? Ta ajiye aikin ne?"

Nan fuskarsa ta washe, ya gyara zama, irin na wanda aka zo daidai wurin da yake son a tambaye shi. Matar tasa ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, shekara ashirin da shida. Da ya kwanta ta ɗauki dogon hutu. Hutun zai ƙare, ranar Litinin bayan liyafar ko ta koma ko ta miƙa takardar ajiye aiki. Ya yi mata maganar sau biyu, ta yi shiru.

"Ta san za a rubuta wannan?"

"Ai daɗin abin ke nan, ba-zata ne." Ya yi dariya, gefen bakinsa ɗaya ya fi ɗaya tashi. "A gaban mutum ɗari biyu, ga shugabanta na asibiti ma na gayyato, an karanta, an yi tafi. Wace macen kirki ce za ta buɗe baki ta ce a'a? Dama jinya aikinta ne. Gara ta yi wa wanda ya dace da ta ƙare a kan 'ya'yan mutane."

Na sha ganin masu son kansu a shagon nan, amma ban taɓa ganin wanda ya zo a naɗe masa tarko da takardar kyauta ba. Raina ya ɓaci. Da mahaifina ne, da ya ce injin ya lalace. Ni kuwa na karɓi aikin, na ce ya dawo Juma'a. Ba na alfahari da wannan.

Kwana biyu na yi a kansa. Injin yana cin tagulla yana fitar da sunan Darakta sau uku, ni kuma ina tsaki. Har matar ma ban ƙyale ba a raina. Na gama zana ta: irin matan nan masu "to" a baki kullum, waɗanda in an taka su sai su ba ƙafar haƙuri. Na ce ai ita ta ɓata shi. Za ta karɓi allon da hannu biyu, ta yi murmushi a hoto, gobe kuma ita za ta riƙa goge masa ƙura.

Ranar Juma'a da rana na naɗe allon na jingine, ina jiran turare. Sai wata mata ta yi sallama. Za ta yi shekara hamsin da 'yan kai, doguwa, takalminta mara tudu, jakar cefane a hannu ɗaya, ledar magunguna a ɗaya. Faratanta a yanke ƙwal, fatar hannun ta bushe irin ta mai yawan wanke hannu.

"Ƙanwata, sannu da aiki. Darakta ne ya aiko ni karɓar saƙo. Ya ce kada in buɗe."

Na tsaya ina kallonta. Wato ko ɗaukar kyautar ma ita aka bar wa.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Hajiya, a shagon nan muna da doka. Aiki ba ya fita sai wanda ya zo karɓa ya karanta a gabana. Abin da aka sassaƙa ba ya goguwa." Dokar nan a lokacin aka haife ta.

Ta ɗan dube ni, na san ta gane. Ta ajiye kayanta a ƙasa, ta ɗauko tabarau daga jaka. Na yage takardar na kwantar da allon a kan kanta.

Ta karanta a hankali, tun daga sama. Na zuba wa fuskarta ido ina jiran hawaye ko murmushin nan na haƙuri. Ban ga ko ɗaya ba. Ta sa yatsa a layi na biyu.

"Wata goma sha ɗaya ne, ba tara ba."

"Haka ya rubuto, Hajiya."

"Na sani. Wata biyun farko bai san inda kansa yake ba, shi ya sa bai sa su ba. Su ne kuwa masu wuyar. Duk awa biyu sai na juya shi, kada bayansa ya yi gyambo." Ta faɗa ne kamar mai ba abokiyar aiki rahoton mara lafiya.

Yatsan ya gangara ya wuce "ritaya". Ya tsaya a kanta na ɗan lokaci, sannan ya sauka kan sa hannun da ke ƙasa. Nan ne ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kin fitar da shi da kyau. Wata uku muka yi muna koyon wannan a teburin cin abinci. Hannuna a kan nasa, harafi bayan harafi. Ya jefe ni da biro ya fi sau goma. Ranar da ya rubuta sunansa shi kaɗai, ni na yi kuka, ba shi ba."

Kunya ta kama ni, ta tsakin da na yi ta yi mata kwana biyu. Na ce, "Hajiya, akwai fili a nan ƙarƙashin layin farko. Minti ashirin ya ishe ni. Ki faɗa min sunanki in sa. In ya yi faɗa, ni zan amsa."

Ta cire tabarau ta ninke.

"A'a. Kada ki sa sunana a kan wannan. Nasa ne. Wadda aka rubuta a nan ai ban san ta ba, in ta yi ritaya Allah ya ba ta hutu."

Ta juya za ta ɗauki jakarta, sai idonta ya faɗa kan tiren da ke gefen kanta, inda nake zuba bajon suna na gwaji, farare ƙanana masu allura a baya. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannunta.

"Kuna yin irin wannan?"

"Muna yi."

"Nawa ya tsage tun bara. Ranar da ya faɗi a banɗaki na dawo daga aiki ke nan, ina ɗaga shi ya kama rigata ya fizge. Ban sake bi ta kansa ba." Ta ajiye shi a gabana. "Zai samu kafin Litinin? Ƙarfe bakwai nake karɓar aiki."

Na ce zai samu kafin ta gama shan ruwa. Na jawo mata kujera, ban ga ta kaɗe ta ba. Na miƙa mata takarda da biro, ta rubuta sunanta, kalma biyu, da rubutu mai kyau a tsaye. Na tambaya ko a ƙara wani abu, muƙami ko shekarun aiki. Ta ce yaran ɗakinta da kyar suke haɗa baƙi, sunan kaɗai ya isa.

Injin bai yi minti biyar ba ya gama. Na goge bajon da tsumma na ba ta. Ta maƙala shi a rigarta ta gwada allurar, ta cire, ta sa a ƙaramin aljihun jaka ta ja zif.

Na nuna baƙin allon. "Wannan fa?"

"Ki sake naɗe shi yadda yake. Ƙusar nan ta daɗe tana jira. Gobe zan karɓa da hannu biyu, kada hoto ya ɓaci."

Na naɗe, na ɗaure da zare, na taya ta kai shi bakin titi, don da gaske yana da nauyi. Muna jiran mota na kasa daurewa.

"Hajiya, ya san za ki koma?"

Ta gyara riƙon ledar magungunansa, ta taɓa aljihun jakar.

"Ni na koya masa karatu a karo na biyu, ƙanwata. Ranar Litinin da safe in na kawo masa magani, zai karanta a ƙirjin rigata."