Tsakanin Ɗorawa Biyu

Da igiya Isaiah ya shiga harabar wani ofishin aikin gona a Gombe, igiyar rama mai ƙulli a kowane baki. Bai tsaya gaisuwa ba, ya wuce wurin taraktocin da aka jera a rana. Ya tsuguna bayan ta farko, ya danne ƙulli ɗaya a gefen tayar hagu, ya ja igiyar zuwa ta dama. Ba ta kai ba. Ya gwada ta biyu, nan ma ba ta kai ba. A ƙarƙashin ta uku kaza ce ke kwanci, ta taso masa da faɗa. Taraktocin sababbi ne fil, ko ledar kujerun ba a ɓare ba, amma tayoyin sun sace, ciyawar bara ta bushe a jikinsu, kashin kaji ya yi fari a kan sitiyari. Isaiah ya tofar da yawu.

"Baba, akuya ce ta tsinke maka?" in ji malamin gona, wani saurayi mai wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, yana leƙowa ta taga.

"Shawara na zo nema. Tarakta nake so, ƙarama, wadda faɗinta bai wuce igiyar nan ba."

Isaiah ma'aikacin reluwe ne, ya kusa barin aiki. Gonarsa tana can bayan Kagarawal, gadon ubansa, wanda ya taso daga Kaltungo zamanin cinikin auduga. Tsohon ya share daji, amma bai taɓa ɗorawa ko ɗaya ba, ya bar su suka cika gonar. Daga kalwarsu matar Isaiah, Hilda, take daddawar da aka sani har Tudun Wada. Bara san huɗar Isaiah guda ya mutu, gwiwoyinsa kuma suka fara yi masa tsiya, sai ga kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya faɗo. Ya ce to, ƙarfe zai saya. Amma sai ƙarfen da zai ratsa tsakanin itatuwan bai kankare ko ɓawo ba. Shi ya sa ya auna inda biyu daga cikinsu suka fi matsuwa da juna, ya ƙulla igiyarsa.

Malamin gona ya saurara yana sakace haƙori.

"Baba, ƙasar nan ta wuce zamanin ƙananan abubuwa. Ba a yanka wa tarakta riga daidai gona, gona ake gyara wa tarakta. Ka tumɓuke itatuwan, ka sayi babba."

"Irin waɗannan da kaji ke haya?"

"Waɗannan takarda suke jira daga Bauchi."

"Allah ya kawo ta," in ji Isaiah, ya naɗe igiyarsa.

Daga nan ya nufi shagon Paschal mai kayan gyaran mota a Sabon Layi. Paschal ya dawo Gombe bayan yaƙin basasa ba shi da ko tabarma, yanzu shagonsa har ƙofa biyu. Ya ba Isaiah benci, ya ce lalle akwai irin wadda yake nema, 'yar Jafan ce, ya gan ta da idonsa a Jos, ba ta fi jaki biyu a jere ba.

"Amma Oga Isaiah, gaskiya ɗaya ce. Ran da ɗan ƙarfe ya karye a cikinta, jirgin da zai kawo wani sai ya bi layi bayan jiragen simintin da suka cunkushe tashar Legas. Jikanka ne zai karɓa. Ita kuwa babbar, ko yau ka ce, kafin azahar wani ya kwanto mini daga waɗanda ka gani a rana."

"Wato in sayi babba don in riƙa sayen kayan sata."

"Ni ban ce sata ba. Kaji ba sa amfani da famfon mai."

Isaiah ya tashi ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Saura mutum ɗaya, Alhaji Bamanga. Tare suka yi dakon buhunan auduga suna samari, kwano ɗaya suke ci, shi ne ma kaɗai yake kiransa Ishaya har yau. Yanzu Bamanga ɗan kwangila ne, yana yi wa gwamnati hanyoyi, kuma a ofishinsa Janet, 'yar Isaiah, take buga tafireta. Isaiah ya same shi a zaure, an kewaye shi, firji na kuka a lungu, ga kwalaben lemo an sha rabi an watsar, ƙuda na bi.

"Ishaya! Arnen kirki! Me kake yi da igiya, ko ratayewa za ka yi a gidana?"

"In zan rataye, sai na nemi gidan da aka gina da siminti na gaskiya."

Zaure ya ɗauki dariya, Bamanga ya fi kowa. Da ya ji abin da ke tafe da abokinsa sai ya riƙe haɓa.

"Kai fa tun muna yara haka kake, a ba ka sa ka ce bunsuru kake so. Mutum kamarka a kan tarakta 'yar tsana? Ai ni ka kunyata. Matsalarka itatuwan nan ne kawai ko?"

"Ba matsala ba ce, Bamanga. Ɗorawar Baba ce."

"Na ji, na ji. Bar mini wannan."

Isaiah ya ɗauka maganar tarakta yake yi, wai zai tambaya masa a Kano. Ya yi sallama, yana jin ƙyamar kansa da ya zauna ya yi dariya a wurin.

Ranar Asabar ya hau mota zuwa Jos. Ya sami ƙaramar taraktar a bayan wani kanti, 'yar ja, an lulluɓe da tamfol don ba mai tayawa. Ya tsuguna ya ja igiya. Ta kai, har da rarar taƙi guda. Ya zagaya ta, ya shafa ƙaramar garmarta, ya hau kujerar ya zauna kamar ango. Ya ce a ajiye masa, zai je ya yi shawara da mai ɗakinsa ya dawo. A hanya har waƙar coci ya yi, abin da ya daɗe bai yi ba a waje.

Da ya sauka a Gombe ran Talata da hantsi, gida a kulle. Maƙwabciya ta ce ai duk suna gona, ta ƙara da cewa, "Barka, Baban Janet, Allah ya ba kowa aboki irin naka."

Tun daga nesa ya ga sama ta yi yawa. Inda ya saba hango duhun ganye, babu komai sai haske. Katafila rawaya tana tsaye a tsakiyar gonar, tana ɗigar baƙin mai a ƙasa. An ture ɗorawun duka, an tara su a gefe guda, saiwoyi a sama, jar ƙasa na zuba daga jikinsu. Ramuka ko'ina kamar bakin da aka cire wa haƙora. Warin gas da ɗanyen itace ya cika wurin.

Hilda tana cikin rassan da suka faɗi, da ita da matan unguwa, suna tsinkar ɗorawa suna zubawa a buhu. Bana ta yi 'ya'ya sosai. Ba ta ɗago ba.

"Maman Janet, ba ki hana su ba?"

"Na hana. Direban ya ce Alhaji ya ce kai ka je har gida ka roƙa." Ta tsinke wata ɗorawa ta jefa a buhu. "Na ce ƙarya ne. Ya ce to shi ba a aiko shi wurin mace ba."

Direban yana kwance a inuwar katafilar, don babu wata inuwa. Ya taso yana washe baki, ya ce aikin nan da kuɗi ne da Baba ya sayar da gida, amma Alhaji ya ce ko sisi kada a karɓa, daga aikin hanya ma aka janye ta. Ya ce tun safe dai bai karya ba. Hilda ta kwance ƙullin ƙosan da ta zo da shi ta miƙa masa, ba ta dube shi ba.

Isaiah ya tsaya bakin wani rami, ya daɗe. Mutanen Kagarawal suna ta zuwa, kowa ya ba shi hannu, kowa ya ce gona ta yi kyau, ta zama irin ta Turawa. Yana karɓar hannuwan yana jin kamar kifi ruɓaɓɓe ake danƙa masa.

Da la'asar Janet ta dawo daga aiki, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa tana murza gefen zanenta.

"Baba, Alhaji ya tambaye ni har sau biyu ko ka dawo."

Hilda ta riga ta fito masa da rigarsa ta zuwa coci, ta ajiye a kan gado. Duk garin an san an yi masa alheri. Wanda aka yi wa alheri kuwa ya kwana bai je godiya ba, sunansa butulu, kuma 'yarsa ce za ta shiga ofishin nan da safe.

Zauren ya fi na rannan cika. Isaiah ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya rage tsawo.

"Alhaji, na ga aiki. Na gode. Allah ya saka."

"Haba Ishaya, tsakanina da kai har da godiya?" Bamanga ya juya ga jama'a, idonsa har ya kawo ruwa. "Mutumin nan ya taɓa goya ni daga tasha har asibiti. Me zan yi masa in biya?"

Aka yi ta Allah ya bar zumunci. Aka buɗe wa Isaiah lemo mai sanyi, ya riƙe kwalbar bai kai baki ba.

"To yanzu wacce ka tsayar?" in ji Bamanga. "Ka ga ta Jos ɗin?"

"Na gan ta."

"Ita za ka ɗauko, ko babbar?"

Isaiah ya ajiye kwalbar a gefen tabarma, a hankali, don kada ta zube.

"Duk wadda ta samu, Alhaji. Yanzu kowacce ma za ta shiga."