Tarkon da Yaya ta ɗana a ɗakin guga

Takardar asibitin ta kwana huɗu a jakar Yaya, har yau ba ta yarda da ita ba. Jini lafiya, hoton ƙashi lafiya, ƙoda lafiya, amma can ƙasa likita ya rubuta wani dogon suna, wai faibromayaljiya. Yaya ta shekara ashirin tana riƙe da shagon wanki da guga, ta kuma lura cewa idan mai ilmi ya rasa abin faɗi, doguwar kalma yake ɗauko wa mutum.

Mai ciwon ƙanwarta ce, Auta, wadda ke ciyar da 'ya'ya uku da teburin gugar shagon.

"Yau kuma ina ne?" in ji Yaya.

"Kafaɗa da ƙugu."

"Jiya gwiwa kika ce. Ciwon nan naki ɗan haya ne, kullum sabon ɗaki?"

"Haka likita ya ce yake yi, Yaya."

"Likita ya ce! Ranar Litinin wa ya goge riga sittin yana waƙa, likitan?"

Auta ta jona dutsen guga.

Abin ya tsaya wa Yaya a rai. Ciwo ba kumburi, ba zazzaɓi. Mutum ya yi barci ya ƙoshi, ya tashi ya ce kamar an kwana ana dukansa. Shekaranjiya Auta ta tsaya da wandon wani malami a hannu, ta rasa na waye, ita da ke gane kayan kowa ta ƙanshin turare. Yaya ta riga ta yi magana da wata mata mai neman aiki: idan ta tabbatar lalaci ne, ranar Asabar teburin ya zama na matar.

Akwai dogon madubi jingine a bango. Yaya ta karkata shi kaɗan, yadda daga ɗakin injin wanki za a hango teburin. Ta ce za ta sayo sabulu, ta bugo ƙofa, ta zagaya ta shigo ta baya, ta laɓe. Mai ciwon ƙarya dai, da ya ga ba ido, warkewa yake.

Auta ta kasa kunne, ta tabbatar ba kowa. Sai kafaɗunta suka zube. Ta sassauta ɗankwali kamar yana cizonta, ta cire agogo tana murza wurin. Dutsen da take ɗagawa da hannu ɗaya a gaban Yaya, yanzu da hannu biyu ta ciccibe shi. Ta yi fama da maɓallin riga guda har sau uku, ta haƙura, ta kifa goshi kan tulin kaya.

Wani direba ya shigo karɓar kayansa. Nan take ta miƙe tsaf.

"Ango, wannan tumbin ba laifin gugarmu ba ne fa, kar ka ce rigar ta tsuke!"

Ya fita yana dariya. Ƙofa na rufewa, ta dafe teburi.

Yaya ta fito. "Tun yaushe kike min ƙarya?"

Auta ta zabura. "Wallahi Yaya, ciwon nan..."

"Ba shi nake nufi ba. Riga sittin."

"Ranar na ɗan ji dama ne, na ce bari in cike giɓi. Har yau shi nake ji a jikina. Likita ya ce in riƙa tsayawa tun da sauran ƙarfina."

"Kika ƙi?"

"Da kin gan ni zaune ranar da nake lafiya, me za ki ce?"

Yaya ta san abin da za ta ce. Ta zare wayar dutsen daga bango.

"Akwai wata da za ta fara zuwa ranar Asabar."

Idon Auta ya kawo ruwa.

"Ke, tsaya in gama. Safiya tata ce, da labule da zannuwan gado. Ke daga rana, a zaune kan kujera mai tsayi, riga ashirin. In na kama ki da ta ashirin da ɗaya, a bakin aikinki."

"Kin yarda ke nan?"

"Da ke. Shi wancan likitan, ranar komawarki tare za mu. Sai ya faɗa min yadda aka yi ya raɗa wa ciwo suna bai gan shi ba."