Ƙurajen Tasnim da Hannun Babanta

Ba a gama cinye naman suna ba ƙuraje suka feso wa Tasnim a kumatu, ƙanana, jajaye, wasu da farin kai kamar tsabar gero. Ita jaririyar ko a jikinta, tana shan nononta tana barcinta. Manya ne suka rasa sukuni.

Lauratu tana wankan jego a gidan mahaifiyarta, Hajja Bakhita, a Umdurman, tunda haihuwar fari ce. Mijinta Uwaisu kuwa yana can Aljirif, inda yake buga jan bulo a bakin kogi. Kullum ya tashi daga aiki sai ya kama mota, ya tsallako gada, ya iso bayan la'asar, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida surukarsa, kai a ƙasa. 'Yar fari ce, ba a nuna zumuɗi a kanta a gaban manya. Sai ya jira Hajja ta zaga bayan ɗaki duba tukunyar ruwan wanka, ya yi wuf ya ɗauki 'yarsa, ya shafa kumatunta da babban yatsa, ya ajiye ta da zarar ya ji jan takalmin tsohuwa. Lauratu takan rufe baki da gefen mayafi don kada dariya ta tona musu asiri.

Asirin bai daɗe ba. Wata rana Hajja ta dawo ta tarar da jan ƙasa a kuncin jikarta, daidai inda ƙurajen suka fi yawa. Ba ta dubi Uwaisu ba, don suruka ba ta sa-in-sa da mijin 'yarta. 'Yar ta kira, ta kuma ɗaga murya yadda na tsakar gida zai ji.

"Lauratu, mutumin da ya wuni cikin laka da kashin shanu da hayaƙi ba ya taɓa jinjiri. Sai fuskar nan ta washe. Halas, na gama magana."

Daga ranar Uwaisu ya koma tsayawa a bakin taga, hannuwansa a baya, yana leƙen 'yarsa. Abin ya ci wa Lauratu rai ƙwarai, har abincin jego ya daina yi mata daɗi.

Sai magani ya ɓarke a gidan. Hajja ta dinga lafta wa yarinya man riɗi safe da yamma har fuskarta tana ƙyalli. Wata maƙwabciya ta ce a ɗiga nono, wata ta kawo wani kirim daga Kasuwar Umdurman wanda ko sunansa ba ta sani ba, wata kuma ta miƙa farce za ta matse, sai da Lauratu ta janye 'yarta. Duk wadda ta shigo barka likita ce. Ƙurajen suka ƙara ja.

Ranar da Sittana, ungozomar da ta karɓi haihuwar, ta biyo duba cibiya, ta sa yatsa a kuncin Tasnim, ta dubi maiƙon da ya biyo yatsan.

"Wa ke soya min yarinya?"

Hajja ta gyara zama. Sittana ta ce wannan ba ciwo ba ne. Sinadarin jikin uwa ne da jariri yake fitowa da ragowarsa, shi ke sa fatar fuska yin maiƙo, ƙofofin gashi su toshe. A wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane da tsumma mai laushi, ba mai, ba kirim, ba matsa. Zai iya ƙaruwa kafin ya tafi, amma da kansa zai tafi. In dai jiki ya yi zafi, ko ta ƙi nono, ko ƙurajen suka tara ruwa, to a ruga asibiti.

"Hannun babanta fa?" Lauratu ta tambaya, idonta a kan tabarma.

"Ya wanke da sabulu ya ɗauki abarsa."

"Ba a gidana ba," in ji Hajja.

Lauratu ta ƙudura a ranta, da Uwaisu ya zo yau za ta gaya masa, ko ta taga ce. Ta ajiye sabulu a ƙarƙashin matashi. La'asar ta yi, ta leƙa. Inuwa ta cinye tsakar gida, ta sake leƙawa. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta miƙe da yarinya a kafaɗa. Aka kira magariba, taga ba kowa.

Da safe Dogo, abokin aikinsa, ya yi sallama. Ya ce sojoji sun tare motarsu a bakin gada, sun sauke duk matashin da bai yi hidimar soja ba, har da Uwaisu, an loda su a babbar mota zuwa sansani. Shi furfura ce ta cece shi. A shekarun nan kowa ya san inda ake kai irin waɗannan bayan horo: Kudu, wurin yaƙi, kuma ba duka ke dawowa ba.

Lauratu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ninke kayan da ta riga ta ninke. Kwalbar man riɗi ta ɓoye ta cikin buhun gawayi, ta koma ruwan ɗumi kaɗai. Duk da haka ƙurajen suka haura goshi, suka sauka haɓa, ga shi babu hannun mai bulo ko a kusa. Hajja takan ɗauki jikarta ta kai ta bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo, ta mayar. Ba ta tambayi inda kwalbar take ba.

Dogo ya sake dawowa da labari: ranar Juma'a za a bar iyalai su je bakin wayar da ta kewaye sansanin, daga nan za a kwashe waɗanda aka kama.

"Mai jego ba ta fita kafin arba'in," Hajja ta ce.

"Yumma, zan je," Lauratu ta ce wa mahaifiyarta.

Ranar Juma'a Lauratu ta goya 'yarta ta fito a shirye take da faɗa, sai ta tarar da Hajja a zaure ta riga ta naɗa mayafinta, riƙe da buta cike da ruwa.

Bakin wayar cike yake da mata, kowace tana kiran sunan nata. Da ƙyar Lauratu ta gane Uwaisu, an aske masa kai ƙwal, wuyansa ya zama siriri. Ya matso, ya hangi surukarsa, ya rusuna, hannuwansa suka koma baya da kansu. Lauratu ta kwanto Tasnim ta ɗaga ta saitin fuskarsa.

"Sun warke?" ya tambaya.

"Sun ƙaru bayan tafiyarka. Ba kai ba ne, Uwaisu. Tun farko ba kai ba ne."

Ya kalli yarinyar, ya saci kallon Hajja, bai motsa ba. Wani soja ya fara busa usur daga can ƙarshen layi. Lauratu ta rasa yadda za ta yi da mutanen nan biyu.

Hajja ta zura bakin butar ta cikin waya, fuskarta a gefe, ta tsiyaya. Uwaisu ya tara hannu ya wanke. Sannan ta ce da 'yarta, da ƙarfin da zai ji, "Bari in je in nemo ruwa."

Ko rabin ruwan butar ba a tsiyaye ba. Ta juya ta tafi a hankali, tana jan takalmi.

Uwaisu ya goge hannu a cikin rigarsa, ya zuro babban yatsa ta ramin waya, ya ɗora a kuncin Tasnim, a kan ƙurajen. Aka sake busa usur, bai ɗauke ba.