Ranar da Aka Juya Allon Ergash

A gidan shayina da ke bakin ƙorama a Margilon, ba kowa ke zama a ƙurya ba. Gadon katakon da ake zama a kai yana da faɗi, amma wurin da ya fi nisa da ƙofa, inda jan matashin jingina yake, na mutum ɗaya ne, wanda allonsa ke rataye a bango. Haka na tarar a hannun mahaifina, haka nake yi. Mutum zai jera 'ya'yan shahmat, wato wasan chess mai sarki da waziri da doki da giwa da hasumiya da sojoji, a kan allo, ya ce farare su kashe sarkin baƙaƙe cikin taku kaza, ko ta ina baƙaƙen suka bi. Sharaɗin guda ne, hanyar kisan ta zama ɗaya tak. In wani ya gano ta biyu, aikin ya ruɓe. Sai a juya allon ya fuskanci bango, mai shi ya sauko, wanda ya karya shi ya hau. Amma da hannunsa zai taka hanyar a gaban jama'a, mai allon yana kare baƙaƙe.

Allon Ergash kafinta ya daɗe a bangon nan har hayaƙin tukunya ya rine shi. Shi ya sassaƙa shi, ya kafe kowane ɗa da ƙusa. Kisa cikin taku uku. Manyan 'yan wasa sun zo daga Fargona da Andijon sun zauna a gabansa har shayinsu ya huce, ƙarshe sai Ergash ya miƙa yatsa ya nuna musu yadda waziri ke ja da baya can lungu, kamar ya gudu, alhali tarko ya ɗana. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna aikin gini a Rasha, hannunsa ya fara rawa har ba ya iya riƙe kurfin sassaƙa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne allon nan da matashin nan ja.

Holmat mai kantin magani kuwa ya tsane shi, kuma ba a banza ba. Tun suna da baƙin gashi Holmat ya taɓa kawo nasa allon. Da safe aka rataye, kafin azahar Ergash ya karya shi, gurasa a bakinsa, ko ƙoƙon shayin bai ajiye ba. Ya ce masa, "Holmat, koma ka ƙirga ƙwayoyinka." Mutane suka yi dariya. Daga ranar ba su ƙara gaisawa ba, ko a jana'iza.

Wata Alhamis, bayan an ci shinkafar osh an kwashe faranti, Holmat ya shigo da jaka a hammata. Ya zaro kwamfuta ya buɗe ta a kan shimfiɗar abinci, kusa da gurasa.

Na ce, "Ɗauke wannan daga inda ake cin abinci."

Ya kira sunana haɗe da aka, wato yaya, ya ce, "Mamasoli-aka, ai baƙuwa na kawo muku. Ta zo gaida mai ƙurya." Ya juya ya dubi Ergash, wanda ake ce wa Usta, wato gwanin sana'a. "Usta, allonka ya ruɓe. Tun ranar da ka kafa shi a ruɓe yake, ba a dai sami mai hanci ba ne."

Ergash bai ɗago ba. Ya ce, "Mamasoli-aka, wa ya bar ƙofa a buɗe? Ina jin warin man zafi."

"Ji warin da kyau, yau a bakin ƙofar za ka sha shi. Na jera mata 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya, kafin in ɗaga ƙoƙo zuwa baki ta fito da hanya biyu. Biyu, Usta! Shekara da shekaru kana zaune a kan ƙwai baragurbi, kana hura hanci."

"Kai ka gano, ko akwatin?"

"Akwatin nawa ne."

"Jakin maƙwabcina ma nasa ne, amma ban ji an ce shi ke yin kukan jakin ba."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba, don sun ga fuskar Holmat ba ta mai wasa ba ce. Ni dai ban taɓa yarda da na'urar nan ba. Abin da bai taɓa kwana da tunanin taku ɗaya ba, bai taɓa jin kunyar a karya shi a gaban surukinsa ba, ban ga dalilin da zai sa ya tsoma baki a maganar mutane ba. Amma doka ba ta ce kada mutum ya tambayi wani ba. Ta ce ya taka da hannunsa.

Na ce, "Rufe ta. Ka san yadda ake yi a nan. A kawo allon wasa."

Holmat ya rufe ta da ƙarfi ya ture gefe. "Ba na buƙatarta. Na haddace."

Aka jera 'ya'yan kamar yadda suke a bango. Mutane suka matso har gadon yana ƙara. Holmat ya naɗe hannun riga. Bai ko kalli waziri ba. Ya ɗauki farin doki ya mayar da shi bakin allo, wurin da ko mai koyo ba zai so ya ajiye doki ba, ya buga shi da ƙarfi.

"Bismillah, Usta. Kare kanka."

Ergash ya daɗe yana kallo. Kowa ya zaci da hasumiya zai tare, don ita ce kariyar da ke a fili, ita ce kuma na'urar ta nuna wa Holmat, kamar yadda muka gane daga baya. Ergash ya bar hasumiya inda take. Ya tura wani ɗan soja gaba gida ɗaya, can gefe, taku marar kan gado.

Holmat ya miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a sama.

Abin da ya faru ke nan: na'urar ta ba shi layi ɗaya, shi kuwa ya haddace shi kamar karatun allo, bai tambaye ta sauran hanyoyin ba. Yanzu ga shi an kai shi inda bai taɓa takawa ba. Ya dubi waziri, ya dubi giwa, ya saci kallon kwamfutar da ke rufe.

Na ce, "Idonka a kan allo."

"Ina tunani ne!"

Wani daga baya ya ce, "Yi a hankali, Holmat-aka, kada ya yi maka yawa, ba ka saba ba."

Gumi ya keto masa a ƙarƙashin hula. Ya kai yatsa kusa da waziri ya janye, don in ya taɓa dole ya taka. Duk wanda ke wurin ya san sauran zancen. In Holmat ya kasa, allon ya tsira, Ergash ya ci gaba da zamansa, Holmat kuwa ba zai sake iya bin titin nan da rana ba. Ergash bai da abin yi sai ya naɗe hannu ya jira.

Sai dai ni ina kallon Ergash, ba Holmat ba. Idonsa yana kan farar giwa, ya ƙi barinta. Ya gani. Tun da dokin nan ya sauka ya gani.

"Kai," in ji Ergash, murya ƙasa-ƙasa. "Ka zo ka kashe mini aiki, ko inda wuyansa yake ba ka sani ba?"

"Rufe mini baki, lokacina ne."

"Ba zan zauna ina kallon mai sayar da maganin tari yana lalube a jikin abin da na yi ba. Matsa."

Ya bige hannun Holmat gefe. Da hannunsa ya ɗauki farar giwa ya zura ta tsawon allo. Ya matsar da baƙin sarki gida ɗayan da ya rage masa. Ya ɗauko dokin nan daga bakin allo ya dire shi. Sarki ya mutu, cikin taku uku, ba tare da waziri ya motsa ba.

Ergash ya miƙe a kan gadon, ya kama allonsa da hannu biyu, ya juya shi ya fuskanci bango. Ƙura ta zubo a kan matashin. Ya sauko, ya ɗauki ƙoƙonsa, ya je bakin ƙofa inda masu jiran mota ke zama, ya zauna.

Wasu suka ce ai ba Holmat ya ƙarasa ba, bai cancanci wurin ba. Ergash ya ce daga can, "Takun farko nasa ne. Ku bar shi ya hau, ya ji ko da daɗi."

Holmat ya hau. Ya kaɗe ƙurar, ya jingina, ya miƙo mini ƙoƙo.

A wurinmu wanda kake girmamawa kaɗan kake zuba masa, don ya yi ta miƙo maka kana ƙarawa, zama ya yi tsawo. Na ɗaga buta na cika wa Holmat ƙoƙonsa har baki, har yana zuba a yatsunsa.

Ya dube ni. "Mamasoli-aka, kai ma hannunka ya fara rawa ne?"

Na ce, "Hannuna lafiya lau."

Ya shanye da zafinsa, bai tashi ba.

Har yau yana zuwa duk Alhamis, yana zama a ƙarƙashin bayan allo, ni kuma ina cika masa. Ergash yana bakin ƙofa da ƙaramin allo a cinya, yana matsar da soja ɗaya nan da can, yana neman yadda zai toshe wa dokin hanya ba tare da ya ɓata ta wazirin ba. Makon jiya Holmat ya ɗaga murya ya ce, "Usta, kawo in tambayar maka kwamfutar mana, kada ka mutu ba ka gama ba."

Ergash ya juya masa baya, ya matsar da sojan gida ɗaya.